Jar Jita a Gidan Mahauta

Kwanakin baya aka yi bikin wata jikata. Na zauna a inuwar darbejiyar ƙofar gida ina kallon yaran da aka ɗauko su yi kiɗa. Sun zo a kan babura, suka jibge akwatunan sauti manya kamar dilolin auduga, ɗayansu ya zaro waya daga aljihu ya danna. Shi ke nan, kiɗa ya tashi. Tun azahar har rana ta yi sanyi ban ga wanda ya yi gumi a cikinsu ba, ban kuma ji an kira sunan kowa ba. Kiɗan bai san amarya ba, bai san uban amarya ba. Abin da ya faɗa a gidanmu shi zai faɗa gobe a gidan wani a Maruwa. Ba na zargin yaran, kowa da zamaninsa, kuma mata sun taka rawa sun ji daɗi. Amma da na koma ɗaki sai na tarar zuciyata ta yi tafiyarta, ta bar ni zaune.

Garwar da na tashi a cikinta da kunne ake saninta. Yanzu kafin liman ya sallame asuba babura sun cika titi, ƙararsu ta haɗiye komai. A da kuwa abin da za ka fara ji kukan shanu ne ana kora su kwata, sai wasa wuƙa a kan dutse, sai kalangu. Mu gidan mahauta ne tun kaka da kakanni, kuma mahauci da kalangu kamar tuwo da miya suke. Akwai wani tsoho makaɗin fawa, siriri, baƙi wuluk, kafaɗarsa ɗaya ta sunkuya saboda rataya. Shi ke sanar da gari nama ya iso kasuwa. Kowane mahauci yana da takensa, mace tana tsakar gida tana shara za ta ce, "Wane ya kasa nama," ba tare da ta leƙa ba. Aikina a lokacin shi ne wanke kayan ciki a bakin Binuwai, da ɗaukar daron nama a ka, da shanya kilishi, da korar ƙuda da shirwa. Da damina kogin kan cika ya batse, jiragen ruwa su zo su yi ta busa, mu bar aiki mu ruga kallo, mu dawo mu sha dundu. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Fillanci, a lekol, wato makarantar boko, Faransanci, kuma ba wanda ya taɓa ce mana wannan wani abin mamaki ne. Inna takan ce harshe kamar takalmi ne, kowane da hanyar da ake taka shi.

Ban san ranar da son kiɗa ya shige ni ba. Fulanin da ke kawo wa Baba shanu wasu sukan zo da molo, in tsuguna kusa da su har su miƙa mini in taɓa. Na yi nawa da gwangwanin kifi da wayar birkin keke. Sai rediyo ya shigo unguwa, muka fara jin kiɗan mutanen kudu da na Kwango. A cikinsa akwai wata murya siririya mai zaƙi da ke gudu bisa sauran kayan kiɗa kamar ruwa a kan dutse. Na tambaya aka ce jita ce mai aiki da lantarki, wanda mu a nan muke kira kuran. Daga ranar gwangwanina ya fita daga raina.

Baba bai so wannan abu ba ko kaɗan. Mutum ne mai faɗin ƙirji, marar yawan magana, in ya ɗaga gatari sau ɗaya ƙashi ke rabuwa. Yakan ce, "Mahauci ake yi wa kiɗa, ba shi ke yi ba. Kyan ɗa ya gaji ubansa." Ni kuma ban ƙi gadon ba, wuƙa ta zauna a hannuna tun ina ƙarami. Abin da na kasa shi ne in raba kunnena da waccan murya.

A bakin kasuwa akwai wani mai gyaran rediyo, mutumin kudu, wanda kowa ke ce wa Misye. Baba ne kaɗai ba ya kiransa haka, wai ba zai kira mai rai da sunan da ya yi kama da mushe ba, sai dai ya ce "mai rediyo". Mutumin yana da tsohuwar jita ta katako mai rami a ciki, kuma da ya ga ina yawan laɓewa a ƙofar shagonsa sai ya fara nuna mini inda ake ɗora yatsu. Shi ya ce in na shirya zai sa ɗan'uwansa ya sayo mini mai kuran daga Duwala. Na shirya kuwa. Kowace Lahadi ina kasuwar Pitowa da kilishina, musamman lokacin da manoma suka sayar da auduga hannunsu ya buɗe. Abokaina suka ɗinka riguna, suka sayi kekuna, ni ina nan da riga mai warin hayaƙi. Kakar auduga ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, kafin na je na ce masa ya aika.

Ranar da ta iso ana tsakiyar bazara, irin zafin Garwa da ke sa kare ya ƙi tashi ko an taka masa wutsiya. Jirgin ƙasa ya kawo ta Ngaundare, babbar mota ta ƙaraso da ita. Ina kan shanyar kilishi Misye ya aiko a kira ni. Na wanke hannu da toka da sabulu har fata ta yi fari, don kada in shafa mata maiƙo. Ya ɗora dogon kwali a kan teburinsa ya ce, "Buɗe da kanka, peti, yarona. Amaryarka ce."

Ja ce. Ba jan nama ba, ba jan barkono ba, wani ja ne mai zurfi da sheƙi wanda na hango fuskata a cikinsa, da kwanon rufin shagon, da mutumin da ke wucewa a waje. Ƙamshin fenti da sabon ƙarfe ya bugi hancina. Da na ɗaga ta sai na ji nauyi, kusan cinyar ɗan maraƙi, ga santsi kamar ta kuɓuce. Ƙugunta siriri, ga wasu ƙahoni biyu a sama, ga maɓallai farare, ga wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa yana reto a gefe. Na juya ta gaba da baya ina neman rami, ban gani ba. Duk abin kiɗan da na sani yana da ciki. Molo na da ciki, garaya na da ciki, kalangu ciki ne gaba ɗayansa. Wannan kuwa katako ne cur. Na sa babban yatsa na ja tsirkiyoyin. Abin da ya fito ko kukan sauro ya fi shi ƙarfi.

Na tuna rana da ƙurar hanyar Pitowa, na tuna kekunan abokaina. Na ce, "Misye, an cuce mu. Bebiya suka aiko."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ka taɓa ganin rediyo ya yi magana ba batir? Dakata." Ya jawo wani akwati da ya haɗa da hannunsa daga kayan tsofaffin rediyoyi, wanda yake kira ampili, ya soka waya a gindin jitar, ya murɗa maɓalli. Akwatin ya fara wani gurnani a hankali, kamar sa yana numfashi a bayan danga. Misye ya dube ni. Ya ce, "To, gaishe ta."

Tsirkiya ɗaya na taɓa, mai kaurin. Wallahi a cikina na fara jin ta kafin kunnena. Kwanon shagon ya amsa, ƙananan kusoshin da ke kan tebur suka yi rawa, wata akuya da ke kwance a ƙofa ta zabura ta bar wurin. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne muryar ta ƙi mutuwa. Molo in ka taɓa shi ya yi magana ya yi shiru. Wannan kuwa ta ja numfashi ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, har sai da na ɗora tafin hannu na tsayar da ita. Na koma kan siraran, sai ga muryar nan ta rediyo, ita ce dai ba wata ba, tana fita daga ƙarƙashin yatsuna masu warin tafarnuwa. Ba ta ɓoye komai. In yatsa ya goga sai ta faɗa, in hannu ya yi rawa sai ta tona. Na murɗa wani maɓalli ta yi taushi kamar mace na rarrashin ɗa, na mayar ta yi kaifi kamar sabuwar aska. Na danna ɗan ƙarfen nan sai ta yi shessheƙar kuka. Da na ɗaga kai, ƙofar shago ta cika. Masu tura amalanke, mata masu tallan nono, wani ɗan sanda da hularsa a hannu. Wata Bafillatana ta riƙe haɓa tana tambayar mene ne wannan da Fillanci, "Kay! Ɗume ni?" Yaran yanzu da ke danna waya su ji kiɗan duniya duka ba za su gane wannan ba. Mu abin da muke ji daga nesa, wanda muka ɗauka na wasu mutane ne a wata ƙasa, shi ne ya sauko ya kwanta a cinyata.

Da la'asar na kai ta gida a naɗe cikin zane. Baba na zaune a zaure tare da tsohon makaɗin fawa, suna cin goro. Ba yadda zan wuce. Baba ya ce, "Me ka ɗauko?" Na durƙusa na warware. Ya karɓa da hannu ɗaya, ya jinjina ta yadda yake jinjina nama, ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa.

Ya ce, "Ba ciki, ba fata. Wannan ka yi ta wahala a kansa?"

Na ce, "Baba, sai an sa mata kuran take magana."

Tsohon ya tofar da goro gefe. Ya ce, "Magana? Kai yaro, ƙara daban, magana daban. Injin niƙa ma yana ƙara. Na ji ta ɗazu daga kasuwa, ta firgita awaki. Amma ta san sunan wani? Za ta iya kiran ubanka ya waiwayo?"

Baba ya miƙo mini ita. Ya ce, "Bikin yayanka ya kusa. Ka kawo ta gaban jama'a. In ta yi magana, ta zauna. In ihu kawai ta iya, ta koma wurin mai rediyo, kai kuma kada in sake jin ka taɓa tsirkiya, ko ta gwangwani ce. Ba zan haifi ɗa ya zama abin dariyar kwata ba."

Baba ba ya magana biyu. Na shiga ciki da ita. Inna ta shafa jitar da gefen zanenta ta ce, "Kyakkyawa ce dai. To, ka koya mata Hausa mana, ai baƙuwa ce."

Kullum in na gama aiki sai shagon Misye. Waƙoƙin rediyo suna fita tsaf, amma taken mahauta ya ƙi. Kalangu yana hawa yana sauka a cikin kalma ɗaya, yana lanƙwasa murya yadda bakin Bahaushe ke yi. Jita kuwa tsalle take daga gida zuwa gida, kamar Bature na karanta Hausa a takarda. Na fara tsayawa kusa da tsohon da safe ina kallon hannunsa. Ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Amma na lura duk sanda na zo wucewa da daro a ka, sai ya juya gefen hammatarsa wajena, ya buga taken Baba a hankali, ya maimaita, alhali Baba ba ya wurin. A nan na ga asirin. Ba gula ke magana ba, hammata ce. In ya matse igiyoyin murya ta hau, in ya saki ta sauko. Na ajiye daro na ruga shago. Na danne tsirkiya na tura ta sama da yatsa, sai murya ta miƙe ta hau. Na sake ta, ta dawo. Misye ya ɗago daga rediyon da yake gyara ya ce, "Me ka yi yanzu? Sake yi." Na yi ta yi har kan yatsuna suka fashe, na shafa man shanu na ci gaba.

Ranar biki aka share ƙofar gidanmu aka yayyafa ruwa. Gidanmu ba kuran, sai daga wurin mai injin niƙa Misye ya jawo waya, ta bi ta kan katangu da rassan darbejiya. Mahautan gari duk sun zo da manyan riguna, ga dillalan shanu, ga Fulani abokan cinikin Baba da sandunansu, mata sun cika zaure da saman katanga. Tsohon ya yi kiɗansa shi da yaransa, wuri ya ɗauki zafi. Sannan ya tsaya, ya nuna ni da gula ya ce, "To, ga mai baƙuwa."

Na rataya ta na matsa kusa da akwatin. Da Misye ya murɗa maɓalli sai ta ƙwala wani ihu mai huda kunne, yara suka toshe kunnuwa, wuri ya fashe da dariya. Wani ya ce, "A yanka ta kafin ta mutu!" Na kalli Baba. Idonsa na ƙasa. Misye ya jawo ni baya da rigata ya ce, "Ka nisanci akwatin, kishi suke da juna." Na ja da baya, ihun ya mutu. Na gyara riƙon jitar.

Tsohon bai jira na huce ba. Ya buga taken wani mahauci mai ƙiba da ke zaune gaba, gajeren take ne, ya tsaya yana kallona. Na mayar masa da shi. Dariyar ta ragu. Mai ƙiban ya waiga hagu da dama ya ce, "Kai, ni ta kira?" Tsohon ya jefo wani, na cafe. Ya jefo mai tsawo, na bi shi har ƙarshe. Sai ya buga na Baba, wanda ke cewa sa ya ga wuƙa, sa ya yi ladabi. Na tura tsirkiya na saki, jita ta faɗe shi sarai, har ta ja ƙarshen fiye da yadda kalangu zai iya. Mata suka rangaɗa guɗa. Baba ya ɗago kai, amma bai motsa ba.

Sai tsohon ya gyara rataya, ya rufe ido, ya buga wani take da ban taɓa ji ba. Mai nauyi ne, a hankali yake tafiya kamar mai kaya a ka. Yaransa ma ba su san shi ba, suka sauke hannu. Ban san abin da yake cewa ba, kunnena kawai na bi. Na koma kan tsirkiya mai kauri na fara, na yi tuntuɓe a tsakiya, ya sake bugawa, na sake bi. A karo na gaba muka tafi tare, shi yana ƙasa ina sama, kamar mun shekara muna yi. Na ga tsofaffin mahauta suna cire huluna. Na ga gwaggona a bakin zaure ta rufe fuska da mayafi. Sai Baba ya miƙe. Mutumin da ban taɓa ganin ya ko gyaɗa kai don kiɗa ba, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya shigo fili, ya ɗaga hannun dama sama kamar yana riƙe da wuƙa, ya fara takawa. Ƙasa na amsawa. Mahauta suka zubo bayansa, Fulani suka ɗaga sanduna, ango ya bar abokansa ya shigo. Na buɗe mata murya duka. An ce har masu wanki a bakin kogi sun tsaya suna saurare.

Sai da aka lafa tsohon ya matso, gumi na zuba daga gemunsa. Ya ce, "Ka san abin da ka faɗa?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Taken kakanka ne. Baƙo ya zo da wuƙa ɗaya, ya ciyar da gari. Tun ranar da muka binne shi ban buga ba, hannuna ba ya yarda. Yau na ga wanda zai taya ni ɗauka." Ya dafa wuyan jitar kamar mai dafa kan yaro ya ce, "Ta iya Hausa."

Daga nan muka zama abokan tafiya, ni da shi, har ƙarfinsa ya ƙare. Mun yi biki a Pitowa, mun yi a Poli inda sai da batirin mota muka tayar da ita, mun je har Maruwa. Ban ajiye wuƙa ba, da safe ina kwata, da la'asar ina fili. Yanzu yatsun sun sandare, masu taken da muke kira yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuma ba su san suna da take ba. Wannan shi ke ci mini rai wani lokaci. Amma duk sanda na tuna washegarin bikin nan sai in ji ƙirjina ya buɗe.

Baba bai ce mini komai ba a ranar, ko sannu. Da safe muka fita kasuwa kamar kullum, yana sara ina kasawa. Sai ga wani dattijon Bafillace, babban dillalin shanu wanda ko gaisuwa ba kowa yake yi wa ba, ya tsaya gaban teburinmu. Suka gaisa da Baba, jam na, jam. Sannan ya ce, "Jiya ina hanya na ji labari. An ce wani yaro ya sa ƙarfe ya kira sunan matattu har manya suka yi hawaye. Daga Duwala kuka ɗauko shi?"

Baba bai daina sara ba. Sai da ya raba ƙashin da ke gabansa, ya share gatari a jikin gungume, sannan ya nuna ni da haɓa.

Ya ce, "Ɓingel am. Ɗana ne. A gidana aka haife shi." Ya ɗaga murya yadda duk layin mahauta za su ji, ya ƙara da cewa, "In kana da biki, ka yi magana da wuri. Mutane sun yi masa yawa."